Wa zai ƙirga mutanen Rara?

Yau saƙon wata ƙanwarmu daga Rara ta ƙaramar hukumar Rabah zan amsa. Ta yi digirin farko a ilimin zamantakewa, ta gama bautar ƙasa, yanzu tana son digiri na biyu a nazarin yawan al'umma, wato dimografi. Amma a gida ana ce mata, "Yo ƙirga mutane ma sai an koma jami'a?" Ita kuma tsoron lissafi take ji.

To ƙanwata, bari mu fara da garinku. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya a watan Maris na 2006 ne, aka ce mu miliyan 140 ne. Ke kin san Maris a Rara. Rani ne tsantsa, samari da yawa sun tafi cin rani, sai waɗanda noman rani ya riƙe a fadamun Wurno da Goronyo. Ƙa'idar ƙidayar kuwa, inda aka same ka nan za a rubuta ka. Wanda lissafi kaɗai ya iya, zai dubi takarda ya ce maza sun yi ƙaranci a garin. Wanda ya san garin zai ce masa, malam, dawo da damina ka gani.

Ga kuma shekaru. Tambayi Inna shekarunta, za ta ce arba'in ko hamsin, da wuya ka ji arba'in da bakwai. Sai amsoshi su taru a kan sifili da biyar, har akwai ma'aunin da ake kira Whipple don gane girman wannan taruwa. Lissafi ya nuna ciwon, amma maganin yana hannun wanda ya san tarihin wurin. An haife ki kafin a kashe Sardauna a 1966 ko bayan nan? Yaron nan yana goye lokacin ambaliyar 2010? Shi ya sa fannin nan ba na mutum ɗaya ba ne, da mai lissafi, da mai labarin ƙasa, da ma'aikacin lafiya, da irinki, duk kwano ɗaya ake ci.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Wani Bature, Mansell Prothero, masanin labarin ƙasa ne, amma a shekarun 1950 ya yi nazarin 'yan cin rani na lardin Sakkwato, daga baya ya rubuta yadda tafiye-tafiyen mutane ke dagula yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, tun 2006 kintace muke yi. An shirya ƙidaya a 2023, aka ɗage. A tsakanin nan kuwa, bayan harin Tabanni na 2018 mutane suka gudu zuwa Gandi, ƙauyuka sun watse, wasu garuruwan sun cika. Allurar rigakafi nawa za a kai? Aji nawa za a gina? Da tsohon adadi ake auna su. In an yi kuskure, jaririn ƙauye ne ke biya.

Ina ake karatun? Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife na da sashe guda na dimografi. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar RIPS, wadda aka kafa da Majalisar Ɗinkin Duniya a 1972. Mai hali ko wanda ya samu tallafi, akwai makarantar kiwon lafiya ta Landan, LSHTM.

Batun lissafi kuwa, ba zan yi miki zaƙin baki ba, babu makawa. Sai dai ba irin na injiniya ba ne, yawancinsa kaso ne da alƙaluma. Ki sauke manhajar R, kyauta ce. Ki nemi bayanan binciken lafiya da al'umma na ƙasa na 2018, wanda ya nuna matsakaicin haihuwa ga mace 5.3 ne a Najeriya, 6.6 a Arewa maso Yamma. Ki gwada fitar da na Sakkwato da hannunki. In kin yi wata biyu ba ki gudu ba, za ki iya.

Aiki ma ba a zube yake ba. Akwai Hukumar Ƙidaya, da Hukumar Ƙididdiga, da irin su UNFPA da UNICEF, amma wanda ya iya sarrafa bayanai ake nema, ba mai takarda kawai ba.

In kin zo rubuta takardar neman gurbi, kada ki ce "ina son taimakon al'umma", kowa haka yake rubutawa. Kai musu tambaya daga Rara: in maigida ya yi wata biyar yana cin rani, wa ke yanke shawarar kai yaro asibiti?

Akwai wanda ya tambaya kan tallafin karatu, wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.