Wasa a Kufan Canobil



Watakila wasu za su yi mamaki a ce an tara masu ilimi kamarku domin a yi magana a kan wasa. To, amma duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai da tsakar dare ya san cewa kwamfutar da aka saya don rubuta kundin digiri tana da wani aikin bayan wannan. Abin da mutum ya ba sa'o'i arba'in ko hamsin na rayuwarsa kuwa, ya cancanci a zauna a tambayi abin da yake koya masa. Daga cikin wasannin da suka fi kama zukatanmu akwai waɗanda ake nuna duniya bayan ta watse, babu hukuma, babu kasuwa, babu asibiti, sai mutum da bindigarsa da tsoronsa yana neman abin da zai kai shi gobe. Za mu ɗauki guda ɗaya mu duba, watau S.T.A.L.K.E.R., domin shi an gina shi ne a kan wani wuri na gaskiya da wata masifa ta gaskiya.

Wani kamfani na birnin Kiyef a ƙasar Yukiren, mai suna GSC Game World, shi ya fitar da kashin farko na wasan a shekarar 1986 da ɗoriyar ashirin da ɗaya, watau 2007, da sunan Shadow of Chernobyl, ma'ana inuwar Canobil. Wasu kashi biyu suka biyo baya a 2008 da 2009. Tushen labarin ya girmi wasan ƙwarai, domin ya samo asali ne daga wani littafin ƙagaggen labari da wasu 'yan'uwa biyu, Arkady da Boris Strugatsky, suka wallafa a 1972, wanda Andrei Tarkovsky ya yi fim a kansa a 1979. A littafin akwai wani yanki da aka killace, wanda mutane ke shiga a sace su ɗebo abubuwan al'ajabi su sayar. Masu wasan suka ɗauki wannan tunani suka dasa shi a yankin da aka killace kewaye da tashar nukiliya ta Canobil, suka kuma ƙaga cewa wai an sake samun fashewa ta biyu a 2006, wadda ta juya yankin ya zama inda dokokin halitta ba sa aiki yadda aka saba.

Mai wasa yakan farka ne a matsayin mutumin da ya manta ko shi wane ne, ba abin da ke hannunsa sai saƙon da ke umartarsa ya kashe wani mai suna Strelok. Daga nan sai a sake shi cikin kufai. Abin da ya bambanta wannan wasa da sauran wasannin harbi shi ne ba a ba mutum ƙarfi. Bindigar farko ba ta da kirki, takan cije a tsakiyar faɗa in ta tsufa. Harsashi ƙidayayye ne. Jaka ba ta ɗaukar abin da ya wuce kilo 50 ba tare da gudu ya fara gagara ba, saboda haka a kowane lokaci mutum na cikin lissafi: ya ɗauki burodi ne ko bandeji, ya ajiye bindiga ta biyu ne ko maganin tururin nukiliya. Akwai karnuka makafi da ke zuwa garke guda, akwai dodon da ba a ganinsa sai ya iso, akwai ɗakunan bincike na ƙarƙashin ƙasa inda fitila ba ta haska fiye da taku kaɗan. Amma mafi munin abokan gaba su ne waɗanda ba su da jiki. A fili fetal akwai tarkuna na iska da na wuta da ido ba ya rarrabewa sosai, sai mutum ya riƙa jefa noti a gabansa, in notin ya faɗi lafiya sa'an nan ya taka. Akwai kuma tururin nukiliya, wanda ba shi da launi ba shi da wari, ba abin da ke sanar da shi sai ƙarar na'urar Gaiga tana ƙas-ƙas-ƙas, tana ƙara sauri gwargwadon yadda mutum ke kusantar ajalinsa.

Lalle ba mu musun cewa akwai abin koyo a nan. Wanda ya daɗe a wannan wasa yakan koyi haƙuri da tattali, yakan koyi tsayawa ya saurara kafin ya shiga ɗaki, yakan kuma koyi gaskata na'urar awo fiye da yadda yake gaskata idonsa. Har ma ƙarshen labarin akwai hikima a cikinsa. A tsakiyar tashar akwai wani abu da aka ce yana biya wa mutum bukatarsa, kuma abin da mutum zai roƙa ya danganta ga yadda ya yi wasan. Wanda ya tara kuɗi da yawa sai ya roƙi dukiya, ya ga zinariya na zubo masa daga sama, alhali kuwa ɓaraguzan rufi ne ke faɗowa su binne shi. Wanda ya roƙi yankin ya ɓace sai ya makance, ya daina ganinsa. Mutanenmu sun riga sun taƙaita wannan da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai dai akwai abin da wasan ba ya nunawa, kuma shi ne dalilin wannan zama. Wasan yana farawa ne bayan an riga an yi ɓarna. Ba ya nuna mana yadda kufan ya zama kufai. Wannan kuwa tarihi ya adana shi, kuma babu dodo ko ɗaya a cikinsa.

Da misalin ƙarfe 1:23 na daren 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu ta tashar Canobil ta fashe a yayin wani gwaji. Gwajin da rana aka shirya yin sa, amma masu kula da rarraba wutar lantarki a Kiyef suka nemi a jinkirta, aka jinkirta wajen sa'o'i goma, har ya faɗa hannun ma'aikatan dare waɗanda ba su aka shirya wa shi ba. Bugu da ƙari, irin wannan tukunya tana da wani aibi a sandunan da ake zurawa don kashe ta, ta yadda a wani yanayi zura su kan fara ƙara wutar ne kafin ya rage ta. An lura da aibin tun 1983 a tashar Ignalina ta Lituwaniya, an rubuta a takarda, amma bayanin bai isa ga masu juya tukunyar ba. Da farko laifin duka aka ɗora wa ma'aikatan daren, sai a 1992 rahoton ƙwararru na hukumar nukiliya ta duniya ya mai da nauyi mai yawa kan ƙirar tukunyar da kuma rashin ɗaukar tsaro da muhimmanci.

Bayan fashewar ma haka abin ya ci gaba. Na'urorin awon da ke hannun ma'aikata iyakarsu rontgen 3.6 a sa'a, allurarsu ta kai ƙarshe ta tsaya, amma ƙananan alƙaluma aka aika sama, alhali tururin ya ninka haka sau dubbai a wasu wurare. Garin Pripyat mai mutum wajen 49,000, wanda ke kilomita uku daga tashar, ba a kwashe shi ba sai da rana ta 27 ga wata, bayan kusan sa'o'i 36, aka kuma ce wa jama'a su ɗauki kayan kwana uku. Duniya ba ta ji labari daga Mosko ba sai da na'urorin tashar Forsmark ta ƙasar Suwidin suka yi ƙara ran 28 ga wata. Ran 1 ga Mayu aka yi faretin ma'aikata a titunan Kiyef har da yara. Shugaba Gorbachev bai yi wa jama'arsa jawabi a talabijin ba sai 14 ga Mayu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa yara sun sha madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa, kuma zuwa 2005 an ƙidaya sama da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar maƙoshi cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin.

Ku dubi jerin nan da kyau, 'yan'uwa. Takardar da ba a isar ba, jadawalin da aka sauya ba a sake shiri ba, adadin da aka rage don kada a ɓata wa na sama rai, sanarwar da aka jinkirta. Duk waɗannan ayyukan tebur ne, irin teburin da wasunmu ke zaune a kai yau, irin wanda sauranmu ke karatu don su zauna a kai gobe.

Abu na biyu da wasan ke karkatarwa shi ne yadda ake tsira. A cikinsa mutum shi kaɗai ne, kowa tasa ta fisshe shi, gawar ɗan'uwa kuwa wurin neman harsashi ce. Ko ƙungiyoyin da ke ciki, irin su Duty da Freedom, yaƙar juna suka fi yi. A Canobil ta gaskiya ba a harba bindiga ga wani dodo ba. Motocin safa sama da 1,000 suka kwashe Pripyat cikin 'yan sa'o'i. 'Yan kwana-kwana suka hau rufi a daren farko ba su san abin da suke takawa ba. Ma'aikatan tashar da 'yan kwana-kwana 134 suka kamu da matsananciyar cutar tururi, 28 suka mutu cikin watannin farko. Ɗaruruwan masu haƙar ma'adinai suka yi rami ƙarƙashin tukunyar. Da injuna masu sarrafa kansu suka lalace a kan rufi saboda ƙarfin tururi, sai aka tura dubban sojoji da shebur, kowane ya yi minti ɗaya ko biyu ya sauko wani ya hau. Jimillar waɗanda aka ba shaidar aikin share wurin ta kai wajen 600,000, kuma kafin ƙarshen Nuwamba na shekarar an rufe tukunyar da ginin kankare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'an nan kada wani ya ɗauki abin da wasan ya nuna na cewa barasa tana wanke tururi daga jiki, wannan tatsuniya ce kawai.

Su kansu masu ƙera wasan sun ga bambancin wasa da gaskiya. Suna cikin aikin wani sabon kashi sojojin Rasha suka shiga Yukiren ran 24 ga Fabrairu, 2022, suka kama tashar Canobil a ranar farko, suka riƙe ta har ƙarshen Maris. Wani sashe na ma'aikatan kamfanin ya koma birnin Prag na ƙasar Cek, wasu suka ci gaba da aiki a Kiyef cikin ɗaukewar wuta da ƙarar jiniya, wasu suka shiga soja. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin wasannin farko ya mutu a fagen daga kusa da Bakhmut a Disamba 2022. Wasan ya fito ran 20 ga Nuwamba, 2024. A cikinsa in an kashe mutum sai ya koma inda ya ajiye wasa ya sake gwadawa. Waɗanda suka yi shi ba su sami wannan sauƙi ba.

Kada mu ɗauka maganar nukiliya ta mutanen nesa ce. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta ƙasar Nijar. A Zariya kuma, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar bincike da ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne kacal, ba ta kusa da ta Canobil ta kowace fuska, amma tana nuna cewa daga cikin irinmu ake samun masu riƙon irin wannan amana. Ko wanda ba zai taɓa kusantar tukunyar nukiliya ba, wata rana zai sa hannu a takardar da ta ce gada ta yi ƙwari, ko madatsar ruwa ba ta tsage ba, ko ruwan famfo ya dace da sha.

Saboda haka ba mu zo mu ce a daina wasa ba. Wanda ya gama karatunsa na rana yana da haƙƙin ya huta, kuma wannan wasa ya fi da yawa daga cikin 'yan'uwansa sa mutum tunani. Roƙonmu shi ne mu fito daga cikinsa da ɗabi'ar da ta dace. Mu bar bindigar a can, mu ɗauko notin da na'urar awo: mu gwada kafin mu taka, mu rubuta adadin da allura ta nuna, in kuma allurar ta kai ƙarshe mu faɗa cewa ta kai ƙarshe, ko da na sama ba ya son ji. Mai wasa yana da damar sake gwadawa sau ɗari, ma'aikaci kuwa sau da yawa sa hannu ɗaya gare shi, bayansa kuma akwai gari guda da ke barci bisa amincewa da shi.