JAWABI: KWAƊON DA YA JE BAƘUNCI YA SAKE HALI

  

Maganar yau a kan kwaɗo take. Kar ku yi dariya, domin akwai abin da ya shafi rumbunmu a ciki.

A ƙasar Ostiraliya, can ƙetaren teku, ana noman rake da yawa. Wani buzuzu ya dami manoma, tsutsarsa tana cin saiwar rake. A shekarar 1935 sai aka ɗauko wani ƙaton kwaɗo, guda 102, daga tsibirin Hawayi, aka hayayyafa su, aka sake su cikin gonakin jihar Kwinslan don su cinye buzuzun. Asalin wannan kwaɗo daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya yake. Aikin da aka kawo shi yi bai yi ba. Ya bar buzuzu, ya shiga daji. Macen tana iya zuba ƙwai har 30,000 a lokaci guda. Ga shi da dafi a bayan kai: guza ko maciji ko ƙaramin kada in ya haɗiye shi, sai mutuwa.

To, ga inda abin mamaki yake. A shekarun farko, iyakar inda kwaɗin suka kai tana matsawa kamar kilomita 10 a shekara. Daga baya ta koma kilomita 50, har fiye. A 2009 suka shiga jihar yammacin ƙasar. Me ya ƙara musu sauri?

Wasu malaman jami'ar Sidni, Rik Shayin da Ben Filis da abokan aikinsu, sun ɗaura wa kwaɗin ƴan na'urori suna bin sawunsu kusa da birnin Darwin. A 2006 suka bayyana abin da suka gani: waɗanda suka fara isowa sabon wuri sun fi na baya dogayen ƙafafu, kuma akwai wanda ke cin kusan kilomita 2 a dare ɗaya. An kuma gane cewa na gaba ba su cika kewaye-kewaye ba, miƙewa suke yi, kuma ba su daɗewa a maɓoya guda.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san kiwo. Makiyayi yakan zaɓi bijimi nagari don ya samu maruƙa nagari. A nan babu makiyayi, hanya ce ke yin zaɓen. Duk damina, masu sauri su ke kan gaba, masu nawa su tsaya baya. Lokacin barbara, mai sauri ba ya samun kowa kusa da shi sai mai sauri irinsa. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cikin ƴaƴan nan ma, waɗanda suka fi gudu su za su wuce gaba, su haɗu da junansu. Haka shekara bayan shekara, har iri ya sake. Da malaman suka rena ƴaƴan na gaba da na baya a wuri ɗaya, sai ƴaƴan na gaba suka fi tafiya. Ke nan abin gado ne, ba koyo ba.

Amma saurin yana da kuɗinsa. An samu kamar ɗaya cikin goma na manyan kwaɗin gaba da ciwon ƙashin baya. Jikin da aka saba da zama bakin tabki an mai da shi na matafiyi.

Ƴan'uwa, ga abin da za mu riƙe. Dabbar da ta shiga sabuwar ƙasa ba lalle ta tsaya yadda ta zo ba. Wanda ya auna ta da tafiyarta ta bara, ya ce da sauran lokaci, yana iya wayar gari ya gan ta ƙofar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma muna da baƙi irin na hanya. Masu bincike sun samu baƙin ɓera, wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, a kasuwanni da wuraren ajiyar kaya na tsakiyar Yamai. Shi ba ƙafa ce ke kai shi nesa ba, manyan motocin kaya ne. Saboda haka, mai komowa daga Kwatano ko Legas ko Abijan, ya kwance buhunansa da kwalayensa a fili, ya duba su kafin su kusanci rumbu. Wanda ya ga ɓera ko ƙwaron da bai saba gani ba, ya gaya wa mai gari da malamin gona tun da wuri. Kuma kada kowa ya kawo wata dabba ko kifi ya saki a tabkin gari don an ce tana maganin wani abu. Manoman rake ma da niyyar alheri suka yi nasu.

Allah ya tsare mana amfanin gonarmu, ya ba mu damina mai albarka.