Darasin Da Ba Mu Yi A Aji Ba

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana da muka sha layin tuwo tare, ina gaishe ku baki ɗaya.

Minti goma aka ba ni, don haka ba zan yi dogon Turanci ba. Daren da gudawa ta kama ɗana na fari, yana wata bakwai, ni da mai ɗakina cirko-cirko muka yi. Na haddace ƙasusuwan jikin ɗan Adam kaf, ga Malam nan zaune, shi ne shaida, amma ban iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba. Muka ma hana shi nono, wai cikin ya huta. Kafin asuba maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma. Wata nas maƙwabciyarmu ce ta cece mu: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali, sannan a ci gaba da ba shi nono. Allah ya sa yana da sauran kwana.

Abin kunyar, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi ta yayata wannan haɗi a rediyo. Na ji, na ɗauka zancen mata ne.

A da, amarya tana haihuwa a gaban uwa da kaka da gwaggo. Yanzu aiki kan jefa ma'aurata Legas ko Fatakwal, a ɗakin haya, babu babba ko ɗaya. Wa zai gaya musu kada a zubar da dakashi, jariri nono zalla yake bukata har wata shida, allurar ƙyanda kuma a wata tara ake yi?

Na san wasu za su ce wannan buɗe wa yara ido ne. Ni dai ban ga ɓarna a koya wa ɗan shekara 17 yadda ake riƙe jariri ba.

Shawarata ita ce mu roƙi hukumar makaranta Asabar ɗaya a wata, domin 'yan aji biyar da shida, maza da mata. Muna da likitoci da ungozomomi a cikinmu, malaman addini kuma su ɗauki ɓangaren tarbiyya. Takarda tana wajen sakatare, na riga na sa sunana.