AN BA MU KAYA, AN HANA MU GAMMO

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani Malami, wanda ya taɓa riƙe kujerar kansila a cikin birnin Kano, ya gabatar a zauren karatu da ke Ƙofar Nassarawa bayan sallar Isha'i.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), Malamin ya ce duk lokacin da gwamnatin tarayya ta ce za ta miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi aikin kula da talaka, to a fara tambayar ina kuɗin aikin, kuma a hannun wa za su sauka.

Ya tuna wa 'yan'uwa cewa a 1976 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, UPE. Da kuɗin mai suka ja baya, sai makarantu suka fara lalacewa. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don ta riƙe albashin malamai. A 1991 kuma aka rusa ta, aka jibga wa ƙananan hukumomi nauyin. Ya ce duk da an ɗaga kasonsu na kuɗin tarayya har ya kai kashi 20 cikin ɗari a 1992, a wurare da dama albashin malamai kaɗai yana cinye kason. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, yajin aiki ya yawaita, 'ya'yan talakawa suka koma talla. Ala tilas aka maido da hukumar a 1993.

Malamin ya ce su kansu jami'an ƙananan hukumomi bakinsu bai zo ɗaya ba kan wannan lamari. Wasu na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kansilan da ke sallah a masallacin unguwa ya san ajin da rufinsa ya yaye, ya san ɗakin shan maganin da ba ko ƙwayar zazzaɓi, ya san gidan da marayu suke kwana da yunwa, abin da jami'in Abuja ba zai gani a takarda ba. Wasu kuma na cewa an ba su kaya ne an hana su gammo, domin tsarin mulkin 1999 ya sa kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, ciyaman sai ya jira abin da aka ga damar sakar masa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Sai dai ya gargaɗi masu murna da cewa hukuncin kotu ba ya sanya tsoron Allah a zuciya. Idan kuɗi suka iso ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, amma aka rabe su tsakanin iyayen gida da 'yan kwangila, to an sauya wa ɓarna mazauni ne kawai, ta taso daga Abuja ta tare a bakin ƙofarmu.

Ya ce a Musulunci shugabanci amana ce, kuma wanda ya wakilta wani ba ya kuɓuta daga tambaya ranar gobe. A nan Kano Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a zamanin jihadi, don ya nuna wa masu mulki haƙƙin da ke wuyansu. Gwamna zai amsa abin da ya riƙe, ciyaman zai amsa abin da ya karɓa.

Daga ƙarshe ya yi kira ga iyaye da limamai da masu unguwanni su riƙa leƙa makarantun firamare da asibitocin unguwanninsu, su tambayi kansila nawa ya shigo a wata, me aka yi da shi. Ya rufe da addu'ar Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa, ya tsare mu daga cin amana.