Jawabin Shugaban Taro a Bikin Buɗe Asibitin Dabbobi na Unguwa, a Zariya

 

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Mai girma Dagaci da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Allah ya gafarta Malam, Limamin masallacin Juma'a. Sarkin Pawa, Arɗo, Sarkin Baka da jama'arku. Abokan aikina likitocin dabbobi, manya da ƙanana. Iyaye mata da suka cika wancan ɓangare na rumfa, da yaranmu da ke leƙe ta kan katanga. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Da 'yata Likita ta zo gida ta ce ni take so in shugabanci wannan taro, ban tsaya dogon tunani ba. Na san ta tun tana ɗaliba a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru, kuma na ga yadda take riƙe dabba. Akwai mai riƙe akuya kamar buhun masara, akwai kuma wanda zai tsaya ta shinshina hannunsa tukuna. Ita tana cikin na biyun. Da ta gama karatu ta yi rajista da hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi, hanya a buɗe take ta tafi Abuja ko Legas ta kula da karnukan masu hali. Sai ta zaɓi ɗaki uku a bakin kasuwar unguwarmu. Wannan zaɓi nata shi ya tara mu yau.

Ba baƙon abu aka kawo wa Zariya ba. A garin nan ne sashen kula da lafiyar dabbobi na ƙasar nan ya fara zama a zamanin Turawa, kafin a mayar da ɗakin bincikensa Vom, kusa da Jos, a 1924. Abin da ya kawo shi cuta ɗaya ce, bushiya. Arɗo ya san labarin daga bakin kakanni, yadda a wajajen 1890 ta share garkuna har mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Ni kuma na gan ta da idona lokacin da ta dawo a 1983, ina sabon likita. Mun kwana a rugage, mun bi labi da akwatin ƙanƙara a bayan babur, muna yi wa shanu allura muna tsaga musu kunne don a san an yi. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Cututtuka biyu kaɗai ɗan Adam ya taɓa kawarwa haka, ita da agana. Kuma da me aka kashe ta? Da saniya ɗaya bayan ɗaya, allura ɗaya bayan ɗaya, a hannun ma'aikatan da ba wanda ya rubuta sunansu a jarida. Irin wannan aiki na yau da gobe shi za a riƙa yi a bayan ƙofar da za mu buɗe.

Ranka ya daɗe, ina neman izini in daɗe a kan maganar kare, don ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya.

A garinmu kare dabba ce da kowa ke amfana da ita amma ba mai son a ce tasa ce. Yana gadin gida da dare, yana bin mafarauci daji, yana tsare garke a ruga. In gari ya waye kuma sai jifa. Ba na jayayya da abin da malamai suka karantar game da tsarki da inda ya kamata kare ya zauna, wannan fagensu ne. Abin da na sani a nawa fagen shi ne, karen da ba mai shi, ba a yi masa allura ba, yana yawo tsakanin juji da makarantar allo, haɗari ne ga 'ya'yanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. A cikin mutum goma da irin wannan kare ya ciza, wajen huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a bayyane yake. Yaro gajere ne, cizon kan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɓoye don tsoron faɗa.

Shekaru da yawa da suka wuce, a wani ƙauye da na yi aiki, aka kira ni in duba wani kare da aka kashe. Na tambaya ko ya ciji wani, aka ce wani yaro ne, amma ɗan ƙwarzane ne kawai, an ƙona gashin karen an shafa masa, har ya warke. Na roƙi uban ya kai shi asibiti a yi masa allurai. Lokacin girbi ne, ga nisa, ga kuɗin mota. Bai kai shi ba. Bayan kamar wata biyu yaron ya fara firgita, in an miƙo masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe. Kwana kaɗan ya rasu. Ban taɓa ɗora wa uban laifi ba, talaka ne da ba wanda ya taɓa yi masa bayani kafin ranar. Amma har yau in na tuna, ina cewa da na ɗauki yaron a babur ɗina da kaina.

Saboda haka ku riƙe wannan, iyaye mata musamman. In kare ko kyanwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, nan take, kafin a yi komai. Sannan a nufi asibitin mutane a ranar, ba gobe ba. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana, kusan ba mai tashi. In kuwa aka yi allurai kafin su bayyana, ana tsira. Tun 1885 Luwi Fasto ya gwada wannan allura a kan wani yaro a Faransa, yaron ya rayu. Shekara fiye da ɗari ke nan, bai kamata a ce har yanzu muna binne yara saboda cizon kare ba. Karen da ya yi cizon kuma, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi a kira Likita ta sa masa ido kwana goma.

Maganin na asali yana jikin karen. Ɗan kwikwiyo in ya kai wata uku a kawo shi a yi masa rigakafi, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a karɓi kati a adana. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yawo. Sarkin Baka, wannan aiki naka ne da ni. Ran 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Ina roƙon kafin ta zagayo, kowane karen farauta da ke ƙarƙashin tutarka ya taka ƙofar nan.

Kyanwa kuwa ba ta da matsalar suna a wurinmu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, daga 'yar kyanwa ya samo laƙabinsa, kuma Malam ya sha karanta mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kyanwa a gida tana rage ɓera, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kada a ba ta farasitamol. Ƙwayar da ke sauke wa ɗanka zazzaɓi guba ce a jikinta, ɗaya tak tana iya kashe ta. Na ga mutane sun yi haka da kyakkyawar niyya, sun zo suna kuka.

Yanzu in juya ga wancan ɓangare na rumfa. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san akuyar da ke ɗaure a turke da kajin da ke tsakar gida yawanci na matar gida ne. Su ne asusunta. Da su ake sayen kayan ɗakin 'ya, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake fita kunyar biki da suna. Amma shekara da shekaru, mu likitoci maza iyakarmu zaure. Sai a aiko yaro ya ce akuyar Inna ba ta cin abinci, mu ba da magani ba mu ga mai ciwon ba. Ga shi yau Allah ya kawo muku likita mace, wadda za ta yi sallama ta shiga har bakin murhu, ta duba akuyar, ta ga inda take kwana da abin da take ci. A wurina wannan ya fi duk na'urorin da ke cikin ginin nan daraja.

Ku yi amfani da ita. Annobar da ke share kaji duk hunturu, wadda ake kira Niyukasul a boko, tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido, kuma a Vom ake yin sa. Ciwon nan na awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, ɗan'uwan bushiya ne, shi ma yana da allura, har duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son ganin bayansa. Ga tsutsar ciki da damina, ga kaska, ga ƙazwa. Sai kuma leda. Mai kiwon ragon layya ya yi wata shida yana zuba masa dusa da harawa, rago na ramewa, ciki na kumbura, ana ta sayen magani a banza. Da hannuna na sha yi wa irinsa tiyata in fito da dunƙulen leda da ya kusa cika bokiti. Wadda muka sha ruwa muka yar a bakin hanya, ita ce. Masu unguwanni, a nan tsintsiya ta fi allura aiki.

Sarkin Pawa, kai da Likita dole ku zama abokan shawara. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum, kuma an tabbatar da ɓullarsa a Suleja a watan Yulin 2023. Haka kaji in suka fara zubewa da yawa a rana ɗaya, a sanar, kada a yi saurin yankawa a kai kasuwa. Mu a jihar Kaduna ba ma buƙatar a tuna mana, don a nan aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006. Sannan dabbar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta tana da kwanakin da za a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta, an rubuta a jikin kwalbar. In ba a jira ba, mu ke shanye ragowar maganin, ranar da muka kwanta ciwo kuma ya ƙi yi mana aiki.

Jama'a, ina da roƙo biyu a gare ku. Na farko, ku zo da wuri, da safe ake kama fara. Kada a gama zagaya masu tallar magani a kasuwa, dabba ta kwanta ba ta ko ɗaga kai, sannan a ɗauko ta a baro a ce Likita ta yi abin da za ta iya. Na biyu, ku biya. Allurar rigakafi sai da sanyi take rayuwa, firjin nan da farantan sola da ke kan rufi da kuɗi aka saye su, kuma da kuɗin da kuka biya za a sake cika shi. Asibitin da bashi ya ci, unguwa ce ta yi asara.

Ke kuma 'yata Likita, ga nawa gare ki a gaban iyayenki. Wata rana yaro zai shigo da tattabara ɗaya a cikin riga, fiffikenta ya karye, ba ko sisi a aljihunsa. Ki duba ta kamar yadda za ki duba dokin hawan Sallah, don shi a wurinsa ita ce dukiyarsa duka. Ki faɗa wa mutum gaskiyar kuɗi kafin ki fara aiki. In dabba ba za ta tashi ba, ki faɗa da wuri, kada ki bar talaka ya zuba abin da ba zai dawo ba. Abin da ya fi ƙarfin ɗakin nan, asibitin koyarwa na Samaru ba nisa, ki tura, ba abin kunya ba ne. Ki riƙe littafi, ki rubuta kowace dabba da unguwar da ta fito, don daga wannan littafi za ki fara hango annoba kafin kowa ya ji labarinta. Ke da ma'aikatanki kuma ku yi wa kanku allurar haukan kare tun yau, kada ku jira cizo.

Na ji an ce daga an tashi taro za a fara yi wa karnuka da kyanwoyi rigakafi har zuwa la'asar, gobe kuma Likita za ta fara zagayen gidaje don kaji. Mai kare ya zo da shi a ɗaure, mai kyanwa ya sa ta a kwando mai murfi, kuma kada a aiko ƙaramin yaro shi kaɗai.

Allah ya sa albarka a wannan wuri, ya tsare masu aiki a cikinsa daga cizo da harbi da tunkuyi, ya ba dabbobinmu lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu da ke wuyanmu. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Ranka ya daɗe, almakashi na hannun Likita. Muna roƙon ka taso ka buɗe mana ƙofa.