Koya wa Yara Noman Wake a Lambun Cikin Gida

Wake, wanda masana tsirrai ke kira Vigna unguiculata, yana cikin amfanin gonar da suka fi dacewa a fara koya wa yaro noma da su. Ƙwayarsa babba ce, ɗan shekara biyar zai iya riƙe ta ya ƙirga. Tana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5 idan ƙasa na da laima, kuma irin da ke nuna da wuri yakan isa girbi cikin kwana 60 zuwa 70, kafin haƙurin yaro ya ƙare. Ba baƙon abu ba ne ga yaro: da wake ake yin ƙosai da alale da garau-garau, kuma Najeriya da Nijar su ne kan gaba wajen nomansa a duniya.

A ƙasar Hausa, ba wa yaro ɗan fili nasa tsohuwar al'ada ce. Ban da gandu da ake nomawa tare, akan yanka wa matashi gayauna, abin da ya samu a ciki nasa ne. Gidan birni ba shi da wannan fili, amma tsohon bokiti ko buhu da aka huda ƙasansa ya wadatar, muddin rana na samunsa yawancin yini. Abin da ya fi girman wurin muhimmanci shi ne yaron ya san nasa ne. Idan babba ya karɓe aikin don gudun ɓarna, wake zai yi kyau, yaro kuwa bai koyi komai ba.

Zaɓen iri yana buƙatar lura. Kanannado da ire-irensa masu yaɗo suna cin wuri, kuma ba sa fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Ga ƙaramin lambu, irin da ke tsayawa tsaye ya fi, kamar wasu daga cikin jerin SAMPEA da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ke fitarwa. Irin da aka saya a shago sau da yawa an cuɗa shi da maganin ƙwari, don haka kada yaro ya kai shi baki, kuma ya wanke hannu bayan shuka.

A yankin Kano da Katsina ana shuka wake ne idan damina ta kankama, wajen watan Yuli. A cikin gida, inda ake ban ruwa, ana iya yi a wasu lokutan. A gauraya ƙasa mai ɗan yashi da ruɓaɓɓen takin awaki, yaro ya yi rami da yatsa mai zurfin santimita 3 zuwa 5, ya jefa ƙwaya uku, ya bar tazarar kamar taƙi ɗaya kafin rami na gaba. Bayan mako biyu a rage su zuwa bibbiyu. Yara kan ƙi wannan mataki domin suna jin tausayin tsiron da za a cire. Barin rami ɗaya a cunkushe don su kwatanta da sauran ya fi doguwar magana gamsar da su. Kuskurensu mafi yawa kuwa shi ne ban ruwa fiye da kima. Wake yana jure fari, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a tura yatsa cikin ƙasa, in da sanyi a bari sai gobe.

Darasi mafi daraja yana ƙarƙashin ƙasa. Idan wake ya kai wata guda, a tono tushe ɗaya a hankali, a wanke saiwar. Za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiya, masu kama iskar naitirojin su mai da ita abincin shuka, ita kuma shukar tana ciyar da su. Idan aka fasa ƙulli ɗaya da farce aka ga cikinsa ja-ja, alamar yana aiki ke nan. Daga nan yaro zai gane dalilin da ya sa manoma ke haɗa wake da gero ko dawa a gona ɗaya, da dalilin da ya sa ba a cika masa takin yuriya: in ya yi yawa, ganye zai yi ta bunƙasa, 'ya'ya su yi ƙaranci.

Ƙwari za su zo. Darɓa takan taru a kan sabon toho, galibi da kiyashi na zirga-zirga a kanta, sannan tsutsar maruka tana huda fure da kwanso. A lambun yara ba a amfani da maganin feshi mai guba. Murje darɓa da hannu, ko yayyafa ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen darbejiya a ciki, ya isa ga tushe goma ko ashirin. Awaki da kaji sun fi ƙwari saurin ɓarna, sai an yi shinge.

Ana iya tsinkar ɗanyen wake a dafa, a bar saura ya bushe a jikin uwarsa. Harawa ta dabbobi ce. Da yake furen wake yawanci kansa yake yi wa barbara, ƙwayar da aka ajiye takan fito irin uwarta a baɗi. A shanya ta sosai, a cika kwalba da ita a toshe, domin rashin iska na kashe ƙwaron wake. A kan wannan hikima aka gina buhun ajiyar wake na PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka.

Idan hunturu ya shigo, ana iya maye gurbin wake da fis, wato koren waken Turawa, wanda ke son sanyi kuma yake buƙatar sanda ko igiya ya hau. Tsirowarsu ta bambanta: wake yana ɗago ɓari biyu na ƙwayarsa sama da ƙasa, fis kuwa yana barin nasa a binne. Da fis ne Gregor Mendel ya yi gwaje-gwajensa a wani lambu a birnin Brno tsakanin 1856 da 1863, inda ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar ƙirga ƙwayoyi masu santsi da masu tamoji, ƙirgar da yaran da suka ɗan tasa za su iya gwadawa da nasu girbin.