Rumbun Tsoho Yana Bayan Ɗakinsa

 Maganar da na zo da ita yau ta tsofaffinmu ce, da abin da za su sa a baka.

Kun sani ran da yunwa ta shigo gari, ba a kan majiya ƙarfi take fara sauka ba. Lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, da farin da aka yi a 1973, saurayi ya iya ɗaukar sandarsa ya tafi neman abinci wata ƙasa. Tsoho fa? Ƙafa ta ƙi, sai ya zauna jiran abin da aka rage masa.

Ko a shekarar ƙoshi ma akwai abin dubawa. A dā 'ya'ya suna noma gandu tare da ubansu, rumbu ɗaya yana ciyar da gida duka. Yanzu da yawa sun tafi ci-rani Kano ko Ikko. Aike yakan zo, yakan kuma makara, ciki kuwa ba ya jiran ɗan aike.

Sa'an nan ku lura, tsoho ba ya cin da yawa, gama haƙora sun zube, marmari ya ragu. Amma jikinsa yana bukatar abin gina tsoka, kamar wake da ƙwai da nono, da ganye kuma. Tuwo da ruwan miya kaɗai ba su isa su riƙe shi ba.

To, ina dabara? Gonar daji ta yi masa nisa, amma bayan ɗaki bai yi ba. Taki biyar a tsaye, biyar a kwance, ya isa. A dasa reshen zogale a jikin danga da farkon damina, zai kama, ya yi shekaru yana ba da ganye. Alayyafo yakan isa tsinka cikin wata guda, kuɓewa kuwa wajen wata biyu. Kabewa ba ta cin fili, sai ta hau rumfa. A sa rama da yakuwa a gefe, wake a tsakani. Kashin awaki da na kaji, in ya ruɓe, shi ne takin. Ruwan da aka wanke hatsi kada a zubar, a ba shuka. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda gindinsa, ya shuka a ciki.

Abin da ya yi saura a shanya shi saboda bazara. Ganye a inuwa ake shanya shi, gama rana tana rage amfaninsa. Wake kuma a rufe shi inda iska ba ta shiga, ƙwari su mutu.

Kai mai karatu, aikin da ya fi ƙarfin tsoho shi ne naka: haƙa, da jan ruwa, da gyaran danga don awaki. Tsinka da cire ciyawa ka bar masa, gama mutum yana jin daɗin cin abin hannunsa, ba kullum sai ya roƙa ba. Kafin ruwan shuka ya sauka, je ka dubi bayan ɗakin kakarka. Abin da ka shuka mata, 'ya'yanka suna gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.